Waɗanda Suka Tsaya

Ɗanta ne ya ce a ƙasar nan ko faɗuwa mutum ya yi, ba mai waiwayarsa. Tsohuwar malamar ta ce gani ya kori ji, ta taho.

Ga ta zaune a benci: ta sauka daga jirgin ƙasa a tashar da ba ita ba, tayar akwati ta karye, waya ta mutu.

Mai shara ta jona mata wayar, ta kawo shayi. Mai sayar da tikiti ya yi ta kiran ɗan har ya ɗauka.

"Mama, ina taro. Ai na ce kada ki zo."

A gajiye ta ƙirga da yatsu. Kafin yamma mutum bakwai suka tsaya a kanta. Ɗanta ba ya cikinsu.