Wanda Ya Sa Sunan Baƙo a Tsere

Sati uku da dawowarsa, akwatinsa na nan a bayan ƙofa, zif ɗin ma rabi ya zuge. Riga ɗaya yake zarowa, in an wanke ya ninke ya mayar. Shi ya sa yayansa, mai garejin bakin titi, ya laƙaba masa suna Baƙo, sunan kuwa ya bi shi har wurin mai shago.

Shekara tara ya yi a waje, ya dawo yana ɗaga hanci. Babu abin da ya yi masa a gidan: famfo sai ya yi tari kafin ya ba da ruwa, fanka tana kuka kamar an taka ta, mutane kuma ko ashana za su sayo a ƙarshen layi sai sun hau babur. Rannan ana cin abinci ya ce a can tsofaffi masu furfura suke gudun fanfalaki, kilomita arba'in da biyu, shi ma da ya ga dama da tuni ya yi. Yaya ya ajiye cokali ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ji mutumin da bene ɗaya ke sa shi haki. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta dai tambayi ranar tafiyarsa, ya ce sha biyu ga wata, ta ce Allah ya kai mu.

Ran Laraba Inna ta je awon jini, ba ta dawo ba sai la'asar, tana mitar layin asibiti da kumburin ƙafa. Ran Alhamis ya tarar da takarda a kan matashinsa: shaidar shiga tseren fanfalaki na birni, nan da wata biyar. Ga cikakken sunansa, ga lamba, ga wani tsohon hotonsa na kafin tafiya, kunnuwa a tsaye, ko gashin baki babu. Har hoton ma an zaɓo na dariya. Bai tambayi kowa ba, don tambaya ita ce abin da Yaya ke jira. Ya ɗage tafiyarsa, ya sayo takalmi.

Ranar farko da ya fita gudu ko gidan mai bai kai ba ya durƙusa a bakin kwata, ƙirjinsa kamar an zuba garwashi. Hanyar komawa kuma dole ta gaban gareji. Yaya ya sulalo daga ƙarƙashin wata mota, ya ƙare masa kallo, ya tambaya cikin ladabi ko a kira janwe ta jawo shi.

Inna ma ba ta raga masa ba. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin mai hankali yana gudu ba abin da ya biyo shi ba. Kullum ya dawo dai akwai ruwan zafi a bokiti, da doguwar mita a kan gas ɗin da ake ƙonawa saboda shirme.

Akwai safiyar da jikinsa ke cewa ya kwanta, wa ya aike shi. Sai ya tuna dariyar nan da ta ƙware Yaya, ya ji shi a tsaye yana ɗaure igiyar takalmi. Farcen babban yatsansa ya yi baƙi ya fita. Wandunansa suka yi masa yawa. Zuwa wata na uku ya san garin da ya raina layi-layi: inda karen mai walda ke kwana, ramin da ke gaban kemis, mai burodin da ke ɗaga masa hannu yana cewa saura ƙiris, alhali bai san inda za shi ba. Yaya kuwa ya koma ce wa masu kawo gyara ƙaninsa yana atisayen guduwa ne, don wannan karon a ƙafa zai bar su.

Ranar tsere, a kilomita na talatin ƙafafunsa suka zama kamar na aro. Motar kwashe waɗanda suka gaza ta biyo shi a hankali, direban ya leƙo ya ce akwai sauran wuri ɗaya a baya, ba abin kunya ba ne. Baƙo ya hango kansa yana saukowa daga motar nan a gaban Yaya. Ya cije leɓe ya ci gaba da jan ƙafa.

Awa biyar da minti arba'in ya yi. Ya iso an fara naɗe rumfuna. Yaya na tsaye a bakin layin, hannu a aljihu, ya ce masa har masu sayar da ruwa sun tashi. Baƙo ya wuce shi ya nufi teburin masu shirya tseren. Takardar kammalawa kawai yake so, ya liƙa masa ita a ƙofar gareji inda kowane direba zai gani.

Ma'aikaciyar da ke tebur ta duba lambar ƙirjinsa, ta duba fom, sai ta yi murmushi, ta ce wannan ai da hannunta ta cike shi, saboda rashin iya rubutun mai kawowar. Baƙo ya taɓe baki, ya ce ya san shi sarai, wani ne mai baƙin mai a farce.

"Wane mai baƙin mai?" in ji ta. "Wata tsohuwa ce, sai da ta huta sau biyu kafin ta hawo benen ofishinmu. Na lissafa mata tseren kilomita biyar da na goma, ta ce ita ba ta san kilomita ba, in ba ta wanda ɗanta zai fi daɗewa yana shirinsa."