Waƙar Mai Garkuwa

Sau uku waƙar ta tare Kansila Maharazu kafin azahar: a tashar Baure, a teburin mai shayi, sai kuma a wayar direbansa, wanda ya yi wuf ya kashe, wai hannunsa ne ya kuskure.

"Wancan mai garkuwa, da ya ji babura,
ya bar mu da Allah, ya miƙe Daura.
Mun roƙi soja, ya aiko fasta."

Abin da ya fi ciwo, ba ƙarya a ciki. Lokacin kamfe shi da bakinsa ya ce shi ne garkuwar Tudun Gamji. Ranar kasuwar da 'yan bindiga suka shigo kuwa, motarsa ce ta fara fita, kujerun baya wayam, mata na ɗaga masa hannu. Mutum tara aka binne. Wata biyar ke nan kunya ta hana shi taka garin, ko don gaida tsohuwarsa Kulu, wadda ta ce ba inda za ta. Shinkafar da ya aika mata ma an dawo da ita, bakin buhun a ɗinke.

Ga zaɓen fid da gwani saura mako biyu. In waƙar ta ci gaba da yawo, kujera ta tafi.

Abu ɗaya ke sanyaya masa rai: daga farko har ƙarshe ba a kama sunansa ba, sai "wancan". "Mai waƙar matsoraci ne," in ji shi. Su Maharazu manya, yau shi ke kiran wani matsoraci.

Sai dai akwai baitin da ke hana shi sakat, inda aka ce tun yana rarrafe zakara ke kora shi ɗaki. Ya ɗora laifin a kan abokan hamayya, masu tone-tonen asiri.

Ranar Talata yaransa suka kawo masa mawaƙin, wani Sha'aban mai gurmi, ramamme, ɗan garinsu. Maharazu ya kasa haɗa ido da shi, don ƙanen Sha'aban na cikin taran nan. Sai ya rufe kunyar da tsawa.

"Wa ya sayi bakinka? Faɗi, ko ka kwana a caji ofis."

"Ranka ya daɗe, ni kiɗa kawai na sa," in ji Sha'aban. "Baitocin a bakin turmi na tsince su. Wata tsohuwa ke rerawa kullum in tana daka, tana yi tana share hawaye."

"To in ta isa, me ya hana ta kama sunana?"

Sha'aban ya sunkuyar da kai, yana murza tsirkiyar gurminsa.

"Ai ba tsoro ba ne, ranka ya daɗe. Ina ka taɓa jin uwa ta faɗi sunan ɗanta na fari?"