Ramin Farfesa

Wata huɗu kacal Luƙman ya yi a Beljiyam, amma da ya sauka tashar Dogon Dutsi sai da ya tambayi ɗan kabu-kabu ko dama haka garin yake da zafi.

Jami'arsu ta Yamai ce ta tura shi musayar ɗalibai, zango ɗaya a sashen noma. Ya dawo da kwat mai kauri da suna ɗaya a baki, na Baturen da ya koyar da shi a can. Farfesa ya ce, Farfesa ya rubuta, Farfesa ya dafa mini kafaɗa. Ko fura uwarsa ta miƙo, sai ya ɗaga ludayin ya dudduba kafin ya kai baki.

A lokacin wani furoje, wato shirin gyaran ƙasar noma, yana neman ma'aikaci ɗaya, masu nema goma sha biyu. Shugabarsa, Madam Sa'adatu, ba ta cika damuwa da takardu ba. Ta ce kowa ya tsaya gaban manoma ya nuna abin da ya iya. Luƙman aka ba ƙauyen Ɗan Kassari.

A mota kansa na kan waya yana jera hotuna. Har suka isa bai ɗaga ido ya dubi gona ko ɗaya ba.

Manoma kusan talatin ke zaune a inuwar gawo. Madam ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaida wani tsoho mai koɗaɗɗiyar riga da ake kira Gado. Luƙman ya miƙa masa yatsu biyu, sannan ya ce a ja tabarmarsa baya, ta tare inda zai tsaya.

Ya fara jawabi, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce ya zo musu da ilimin Turai na raya fako, ƙasar nan mai tauri da ko ciyawa ta ƙi. A haƙa rami tun da rani, a zuba taki, gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ciki, a shuka hatsi.

"Shekara ɗari kakanninku na kallon fako suna cewa ƙaddara," in ji shi. "Sai da wani ya zauna a Turai ya yi tunani."

Ba wanda ya yi mamaki. Wasu suka waiga wajen Gado, shi kuwa yana ta sakace haƙori. Luƙman ya ɗauka kwanyarsu ce ba ta ja.

Ya karɓi fartanya don ya gwada musu. Sara biyar tafinsa ya yi ja, gumi ya jiƙa kwat. Da ƙyar ya samu ɗan rami, ya tara ƙasar ta gefen tudu.

"Yaro," in ji Gado, "ta gangare ake tara ta. In ka toshe tudu, ta ina ruwa za shi shiga?"

Luƙman ya share goshi. "Baba, aji nawa ka yi a lakkwal?"

"Ko ƙofa ban taka ba."

"To ka bari waɗanda suka taka su yi magana." Ya buɗe littafin Farfesa, ya ɗaga zanen sama, ga ƙasa nan ta gefen tudu. "Wanda ya zana wannan, karatunsa ya fi na ƙauyen nan a haɗe."

Ya jira dariya, ba ta zo ba. Madam ta daina rubutu, ta rufe alƙalami.

Nan ya ji aikin na suɓuce masa, sai ya fito da abin da ya fi ji da shi: hotonsa da Farfesa a ƙofar ofis, kafaɗa da kafaɗa. Ya ce su kalla da kyau, ba kowa ke samun tsayawa kusa da irin wannan mutum ba.

Waya ta riƙa yawo hannu zuwa hannu. Dattawa suka fara murmushi, suna taɓa juna da gwiwar hannu. Luƙman ya gyara wuyan kwat. A ganinsa, sai yanzu suka gane da wa suke magana.

Da ta iso ga Gado, ya nesanta ta da ido, ya daɗe yana kallo. Sai ya fashe da dariya har da tari. Madam ta ja layi a kan wani suna, ta miƙe tana neman takalminta.

"Wallahi Farfesan naka Ɗan Ja ne, haka muke ce mishi. Ya tsufa, gashin duk ya zube." Tsohon ya miƙa wa Luƙman wayarsa. "In kun yi magana ka ce Gado na gaishe shi. Damina uku ya yi a gonata ina koya mishi ramin ga, ashe har yau bai san ta inda ruwa ke gangarowa ba."