Tokar Falwaya

Tabawa ta gaji da kwashe-kwashen mijinta Jelani. Duk abin da ya gani yashe a bakin hanya, in dai ba za a ce ya biya ba, sai ya ɗaure shi a bayan babur ya kawo gida, a garin Kasuwar Daji. Tsohuwar taya, fasasshen bokiti, murfin firij. Ran nan kuma sai ga shi da guntayen falwaya, tsofaffin turakun katako na wayar lantarki da aka cire a hanyar Shinkafi aka kafa na siminti.

"Ga icce nan, ki bar ni in sha iska," in ji shi. "Daji ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga, masu icce sun ɗaga kai, ni kuwa Allah Ya ba ni na banza."

Ta faskara guda. Cikinsa kore-kore, kuma duk shekarun da ya yi a binne babu cizon gara ko ɗaya. Da ta cusa shi a murhu, hayaƙin ya taso da wari kamar na tafarnuwa, ya sa ta tari har da hawaye.

Tana cikin tarin ƙanenta Abdulrahman ya yi sallama. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Zurmi. Ko zama bai yi ba ya janye itacen daga wuta ya kwara masa ruwa.

"Yaya, wa ya ba ki wanga? Jiƙa shi ake yi da ruwan asid na wani sinadari, arsenik, a gauraya da wasu magunguna, a tura shi har cikin ɓargon katakon don kada gara ta ci. Abin da ke kashe gara shi za ki dafa tuwo da shi?"

Jelani ya kwashe da dariya daga gindin durumi. "Malam Boko an iso! Kai da ko kaza ba ka da ita, kai za ka koya man icce? Duk abin da ya shiga wuta ya ƙare."

"Wanga ba ya ƙarewa. Iccen ne ke cinyewa, dafin ya tattaru a toka."

"To, mun ji. Gaida ɗalibai."

Tabawa ta ɗaure fuska ta ce ita dai ba za ta sake ɗora tukunyarta a kansa ba. Suka yi ta yi. Da Jelani ya ga ta kafe, sai ya ce shi ke nan, a bar masa abinsa ya riƙa dafa ruwan wanka a bayan ɗaki, ai ba cinsa zai yi ba. Ta ce ya dai haƙa rami ya binne tokar. Ya ce to. Ta sake faɗa washegari, ya ce to. Ta sake faɗa, ya ce, "Ke, wai mi na yi maki ne?" Ta yi tsaki ta ƙyale shi da tulin tokarsa.

Babu wanda ya tuna da Nagoggo, mahaifiyar Jelani, wadda ɗakinta ke can ƙuryar gida. Tsohuwar ba ta yarda da kanwar kasuwa a miya. Da hannunta take ɗibar toka, ta zuba a ƙwarya mai huji, ta tsiyaya ruwa yana ɗiga a kasko, da ruwan tokar nan take kaɗa kukarta. Da ta zagaya bayan ɗaki ta tarar da toka mai laushi, babu tsakuwa babu ƙasa, har godiya ta yi wa Allah.

Tabawa na shanya a tsakar gida ta ji kakarin amai. Ta ruga ta sami Nagoggo a dunƙule, ta riƙe ciki, tana kiran ruwa, gudawa ta ɓata mata zane. A bakin ƙofa ga ƙwaryar tace toka tana ɗiga.

"Inna, ina kika ɗebo tokar ga?"

"Ta bayan ɗaki, ɗiyata. Mai kyau ce..."

Tabawa ta ɗora hannu a ka. Jelani ya shigo da gudu yana cewa kwalara ce, a kawo gishiri da sukari.

"Kwalarar mi!" ta daka masa tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Iccenka na banza ne! Ka tada babur!"

Ta ƙulle ragowar tokar a leda, ta riƙe tsohuwar a tsakiyarsu har asibiti a Ƙaura Namoda. Likita ya ji bayani, ya dubi ledar, ya girgiza kai. Aka sa ƙarin ruwa, aka yi duk abin da za a iya, amma dafin ya riga ya taɓa ƙoda. Nagoggo ba ta dawo gida da ƙafarta ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Tabawa ta tarar da Jelani a bayan ɗaki da magirbi, yana haƙa ramin nan da ta yi ta roƙonsa. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta juya ta bar shi yana haƙa.

Jama'a, katakon falwaya da duk wani katako mai kore-kore da aka yi wa maganin gara ba itacen girki ba ne. Kada a ƙona shi, kada a tace tokarsa, kada a bar dabba ta lasa. Wuta ba ta kashe wannan dafi. Wanda ya sani kuma ya faɗa wa kowa a gidan, har tsohuwar da ke ƙurya.