Tuwon Iya Dupe

Muciyarta ta tuƙa tuwo Arzika ya fara ɗauka, da ita ya karya wa Iya Dupe hannu. Har masu faci na bakin tasha a Nasarawa sun ji ƙarar ƙashin, amma babu wanda ya motsa. Mutum goma sha biyu ne suka biyo shi daga Ambursa, kowa da gora, idanu duk sun zurma, kuma labari ya riga ya iso Birnin Kebbi cewa jiya aka binne mahaifinsa.

Abin ya faro ne daga gayyar yankan shinkafa, ranar Alhamis. Arzika mutum ne mai son a ce ya yi, don haka bai tsaya ga tukunyar gida ba, ya ɗauko Foluke, Bayarbiyar da kowa ke kira Iya Dupe, wadda ta shekara ashirin tana sayar da tuwo a tasha. Ta kawo tuwo da miyar kifi har fadama. Shi kuwa ya tsaya a bakin gona kamar yadda mai gayya kan yi, yana ɓare goro da farcensa yana sa wa kowa a tafin hannu. Ya fara da mahaifinsa, tsoho Tamba, da ke zaune a gindin giginya, aka kuma kai wa tsohon kwanonsa can. Arzika bai ci komai ba. Tun dawowarsa daga Argungu ranar Litinin bakinsa ba ya son abinci, ga kuma hidimar jama'a.

Kafin a sauko daga masallacin Juma'a, amai da gudawa sun kwantar da kusan mutum talatin. Ƙatti da ke ɗaukar dami biyu suka koma rarrafe zuwa bayan gida. Da farko shanun da ke shan ruwa a tafki aka ɗora wa laifi, har wasu suka sassare wani maraƙi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Samari suka miƙe bayan kwana biyu. Tsoho Tamba bai miƙe ba, jikinsa ya bushe, ya cika ranar Lahadi a hannun ɗansa.

A wurin zaman makoki wani ya lura da abin da ya ishi kowa hujja: duk gayyar nan Arzika kaɗai ne bai kwanta ba, kuma shi kaɗai ne aka ga bai ci tuwon ba. Daga nan babu wanda ya sake tambayar komai. Baƙin ciki ya sami inda zai sauka.

Iya Dupe tana ƙasa, hannu na lilo, ta ce, "Arzika, ɗana, rabin tukunyar nan a tashar nan na sayar da shi. Wa ya kwanta?"

Ya amsa mata da muciya a baki. Suka kifar da kaskon mai yana tafasa, ya zube mata a ƙafafu, suka cinna wa rumfar wuta. Direbobi ne suka ja ta daga ƙarƙashin zana mai ci, suka kai ta asibiti. Aka ce za ta rayu, amma hannun nan ya gama tuƙa tuwo. Arzika ya koma gida ba tare da nadama ko kaɗan ba.

Washegari wani duba-gari mai suna Dikko ya iso da takarda daga Sakkwato, ya zauna a zauren Arzika. Ya ce wannan ba guba ba ce, ciwo ne mai bin hannu, daga mutum zuwa abinci, daga abinci zuwa mutum, kuma wanda ya yi shi ya warke yana iya yawo da shi kwana da kwanaki bai sani ba. Abu ɗaya yake son sani, wa ya fara kwanciya. Kowa ya ce ai ranar Juma'a aka faɗi gaba ɗaya. Arzika ya miƙe yana huci, ya rantse cewa tuwon matar nan ne ya kashe masa uba, duk wanda ya ce ba haka ba ya fito waje su gwada.

Sai aka ji murya daga bakin ƙofar cikin gida. Matarsa Sauda ce, wadda sai yau ta iya tashi daga tabarma, tana dafe da bango, idonta a kan mijinta.

"Malam, kwanon Baba a rufe yad dawo. Ni nib ba ɗiyan maƙwabcinmu Hodi, sunka cinye, ko kai bai yi musu ciwo ba. Ni kau wandunanka ukku na gudawa niw wanke ran Talata, kahin gayya, kac ce kar in gaya ma kowa. Baba goron hannunka ɗai yac ci."