Bogar da ta isa gida

Tunda ka ce sana'ar abinci za ka shiga, bari in ba ka misalin wasu masu boga biyu da suka yi maƙwabtaka a bakin wani titi. Na farkon tsohon mai tsire ne da ya bar tukuba ya koma boga, wato burodin nan da ake tsagawa a sa niƙaƙƙen nama a tsakiya. Shagonsa benci biyu ne da kasko. Ana nan sai wani ya buɗe nasa a tsallaken titi, da gilasai da fitilu da kiɗa. Bogarsa hawa uku ce, nama da ƙwai da cuku da latas da tumatir, ga bama, farin man nan na salak, tana zuba ta ko'ina, sai an soka mata tsinke take iya tsayuwa. Samari suka yi caa a kanta, kowa sai ya ɗauki hoto kafin ya kai baki. Tsoho ya koma korar ƙuda. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har 'ya'yansa suka ce ko dai ya ƙara hawa shi ma, ko ya rufe shagon ya huta. Ya ce musu shi ba magini ba ne. Ya ci gaba da abin da ya saba. Da kansa yake zuwa kwata ya zaɓi nama mai ɗan kitse, ya niƙa na ranar kawai, ya sa gishiri da masoro. Ba ya danne shi a kasko, don kada romon ya tsere. Cikin burodin kuwa sai ya gasa shi a man naman har ya yi ɓawo, tumatir ma sai ya tsane kafin ya shiga.

Abin da mai gilasai bai lura da shi ba shi ne, a garin nan ba kullum mai saye ne mai ci ba. Magidanci in ya taso aiki, tsaraba yake kai wa iyali. Boga za ta shiga leda, a rataye ta a hannun babur, ta sha rami ta sha cunkoso kafin ta ga ƙofar gida. Mai hawa ukun nan, ko da aka kwance ta, ginin ya rushe, burodi ya jiƙe ya zama fate, nama ya bushe, sai da cokali ake kwasa. Ta tsoho kuwa tana isa yadda ta baro kasko, ɓawon nan ya tare romo, ana gatsa sai ƙamshi ya cika ɗaki. To, ka san shari'ar da aka yanke a tsakar gida ba ta da ɗaukaka ƙara. Wata uwargida ta tura wa mijinta ledar, ta ce, "Malam, in hoto ka sayo, ka ci kayanka. Mu ta tsohon nan muke so."

Magana ta zaga gidajen biki da na suna, mata suka gama yanke hukunci ba tare da ɗayarsu ta taɓa taka titin ba. Kafin damina ta fita, layin baburan ƙofar tsoho ya tare hanya, 'ya'yan da suka ce ya rufe su ne ke karɓar leda suna miƙawa, shi kuma yana juya nama yana dariya har da ƙyaƙyatawa. Na ji daɗin wannan nasara kamar tawa ce. Saboda haka in ka buɗe naka, ka tuna da maganar Hausawa: ba girin-girin ba dai, ta yi mai.