Matar da Ta Kasa Ƙirga 'Ya'yanta

Auta ta ja layi da jan biro a shafi na biyar, ta yi murmushin wanda ya kama ɓarawo.

Shekararta ta ƙarshe ke nan a karatun kula da jin daɗin jama'a, aka tura ta koyon aiki ofishin da ke tsaya wa 'yan gudun hijira. Mutum ɗaya za a ɗauka aiki cikin ɗalibai biyar, ko shida ne, ita kuwa har ta zaɓi teburin da za ta zauna.

Al'adar ofishin ce a ba ɗalibi tsohon fayil da aka shafe sunayen ciki da baƙar tawada, ya rubuta ko labarin mai shi abin yarda ne. Shugabar wurin, tsohuwa mai ciwon gwiwa, da kanta ta taka kujera ta sauko da na Auta daga saman kabad.

Fayil ɗin wata mata ne, na shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce. A hirar farko ta ce ranar Talata ta bar garinsu, a ta biyu ta ce Alhamis. A shafi na biyu 'ya'yanta biyu, a na biyar ɗaya. Da aka tambaye ta sunan kogin da ta ƙetare, sai ta yi shiru.

Auta fa ta haddace littafi guda a kan gane maƙaryaci. Kafin shayinta ya huce ta rubuta cewa labarin shiryayye ne, ta kawo hujja har bakwai, da Turanci mai nauyi.

Shugabar ta karanta, ta yaba kyan rubutun. Ta ce kafin ta ba da maki, Auta ta je gida ta karanta wa wani babba rahoton, ta dawo gobe.

Babba ɗaya ne a gidan, don su biyu ne, ita da Mama, tun tasowarta. Ta tarar da Mama tana goge mata kaya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana karantawa, tana dariya.

"Mama, don Allah, wace uwa ce za ta manta yawan 'ya'yanta?"

Mama ta ajiye dutsen guga, ta ninke rigar a hankali.

"Laraba ce," ta ce. "Kuma ban manta ba. Ku biyu na shiga ruwan da ku, ke kaɗai na fito da ke."